Yadda zalɓe ke cin abinci a tafkin Legas: kundin aikin hoto

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024, Oworonshoki

Abin da nake son haɗawa kafin damina ta dawo shi ne jerin hotuna da za su nuna yadda kowane irin zalɓe da ke tafkin Legas yake samun abincinsa. Hoton tsuntsu a tsaye yana kallon gefe ya cika intanet, ba shi nake nema ba. Ina son lokacin sara, da fitowar baki daga ruwa da abin da ya kamo, da yadda ake juya kifin kafin a haɗiye. In Allah ya yarda za a wanke hotunan manya-manya a kai wa yaran Islamiyyar unguwarmu a Agege. Yawancinsu a nan aka haife su, amma in ka ce su lissafo tsuntsayen Legas, da wuya su wuce tattabara da hankaka da balbela.

Na gindaya wa kaina sharaɗi biyu. Ba zan jefa wa tsuntsu kifi ko burodi don ya matso ba, kuma ba zan tashe shi daga wurin cinsa don in samu hoton fuka-fuki a buɗe ba. Zalɓen da aka kora bayan ya daɗe yana dako ya yi asarar kalacinsa, kuma a wurina babu hoton da ya kai wannan tsada.

Yau na fara daga inda gadar Third Mainland ta sauka. Wanda ya saba da tafkunan Arewa, masu cika da damina su ƙafe da rani, sai ya sake lissafi a nan. Tafkin Legas a haɗe yake da Tekun Atlantika ta mashigar da jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa, saboda haka ruwansa yana kawowa yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan ya janye sai taɓo ya bayyana, ƙananan kifaye su maƙale a 'yan kududdufai, nan ne dangin zalɓe ke taruwa. Ni kuma hasken safiya nake buƙata. Janyewar ruwa ba ta dacewa da fitowar rana sai bayan kusan mako biyu-biyu, don haka jadawalin ruwa ne zai riƙa zaɓa mini ranakun fita.

Wanda na tarar shi ne babban zalɓe mai ruwan toka, wanda masana ke kira Ardea cinerea. Tsayinsa ya kusa mita guda, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 2 ba. Ruwa ya kai masa rabin ƙafa, yana tsaye ƙyam, motoci na ta gurnani a kan gada bai ko kula ba. Da ya yi sara ya ba ni baya, sai feshin ruwa kawai na samu. Amma na ga abin da ke gabatar saran: wuya ya miƙe gaba sannu a hankali, kai ya ɗan karkata gefe, jiki duka ya rinjaya kan ƙafar gaba. Wannan alamar zan riƙa jira daga yau.

Asabar, 16 ga Nuwamba, Kara

Ruwa bai dace da safiya ba a wannan makon, sai na je gaida Kawu a kasuwar shanu ta Kara, gefen kogin Ogun, da an wuce Berger. Balbela ma dangin zalɓe ce, ko da yake ita ta fi son ciyawa da ruwa, kuma ba za a yi wannan jerin babu ita ba.

Bayan mun gaisa Kawu ya dubi kyamarar ya ce, "Ɗana, duk tsuntsayen Allah ka rasa wanda za ka bi sai balbela? Ai kaska take ci, ba wani abu."

Na ce, "Kawu, ka ba ni zuwa azahar, zan kawo maka abin da take ci ka gani da idonka."

Na bi yaran da ke kora shanu zuwa ciyawar bakin kogi, na zauna can gefe. Kowace balbela ta zaɓi sa ɗaya tana tafiya daidai ƙafarsa ta gaba ko kusa da bakinsa. Duk takun da ya yi, wani abu ya tashi daga ciyawa, ita kuma ta cafke. Akwai wani motsi da take yi in ta ga ƙwaro a zaune: kai ya tsaya cak wuri ɗaya, wuya kuma yana rangaji hagu da dama, sannan ta kai sara. Masu bincike sun auna sun ga balbelar da ke bin dabba ta fi wadda ke kiwo ita kaɗai samun abinci, kuma da ƙarancin taku.

Wahalar hoton farin tsuntsu ita ce kyamara tana ganin duhun ƙasa da baƙin sa, sai ta ƙara haske, gashin tsuntsun ya wanke ya zama fari fat babu zane. Na rage hasken da mataki ɗaya, gashin ya fito ɗaya bayan ɗaya. Na kuma kwanta rub da ciki don idon kyamara ya daidaita da idonta.

Da na nuna wa Kawu, fara ce a bakinta, ƙafafun farar ma ana gani. Wani hoton ɗan kwaɗo ne, sauran ƙudaje. Takan tsinci kaska jefi-jefi, amma mai bin jikin sa yana cire kaska shi ne carki. Kawu ya daɗe yana kallo, ya kira maƙwabcinsa ya ce, "Alhaji, zo ka ga abin da muke tare da shi shekara da shekaru." Na ba su labarin cewa wannan balbelar da kanta ta tsallaka Atlantika daga Afirka. An gan ta a Suriname a 1877, kuma zuwa 1953 tana sheƙa a Florida ta ƙasar Amurka. Kawu ya ce, "Allah mai iko," ya sa aka kawo mini fura.

Litinin, 25 ga Nuwamba, Ikorodu

Kainuwa ta rufe bakin ruwa, irin mai fure shuɗi-shuɗi wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. A 1984 ta shigo ruwan Legas ta rafin Badagry daga Jamhuriyar Benin, kuma tun daga nan duk ƙarshen damina, lokacin da ruwan koguna ya rage gishirin tafkin, sai ta yi yabanya ta toshe hanyar jiragen fito. Masu jirgi suna kuka da ita, da gaskiyarsu.

A kanta na samu ɗan gajeren zalɓen nan mai ruwan ƙasa da zane-zane a wuya, Ardeola ralloides. In yana tsugune a cikin ganye ba ka ganinsa sam, sai ya tashi ka ga fuka-fuki farare tas. Wasunsu daga Turai suke tsallako Sahara a wannan lokaci, irin baƙin da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Yana taka ganyen a hankali, ya leƙa ramin da ke tsakaninsu, ya ɗauko ƙwaron ruwa ko ɗan kifi. Hoton ya yi kyau, sai dai abin da ya kama ƙarami ne ƙwarai, yaro ba zai gane shi daga nesa ba. Zan sake gwadawa kafin kainuwar ta mutu.

Talata, 10 ga Disamba, Ilaje ta Bariga

Wani dattijo ɗan Yawuri mai sayar da bandar kifi, wanda muke salla tare, shi ya haɗa ni da wani masunci ɗan ƙabilar Egun. Ya ce mini, "Malam, tsuntsun ruwa ya san masunci. In kana ƙasa da ƙafarka baƙo ne kai, in kana cikin kwale-kwale ɗan gida ne." Yau na tabbatar da maganarsa. Tazarar da zalɓe zai tashi in na tunkare shi a ƙafa, a cikin kwale-kwale mun rage ta da fiye da rabi, bai fasa abin da yake yi ba. Baban, wato masuncin, ba ya tuƙi kai tsaye wajen tsuntsu. Sai ya bi ta gefe, ya ɗaga filafili, ya bar ruwa ya ja mu.

Masuntan nan suna kakkafa rassan itace a wuri mara zurfi su yi wa kifi maɓoya, bayan watanni su kewaye da taru su kwashe. Kusan kowane turke akwai tsuntsu a kai. A gefen taɓo kuwa mafarauta biyu ne suka ɗauke mini hankali, kowa da salonsa.

Na farko ƙaramin farin zalɓe ne mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunsa rawaya. Ba ya dako. Sai ya miƙa ƙafa ɗaya gaba ya karkaɗa ta a cikin laka, ya dubi abin da ya fito, ya sara, ya ƙara taku ya sake karkaɗawa. Jatan lande ya fi kamawa. Na biyu ɗan'uwansa ne mai launin toka mai duhu da farin maƙogwaro, Egretta gularis, ɗan bakin teku na asali. Shi gudu yake yi, ya buɗe fuka-fuki rabi, ya juya nan ya juya can, ya tsaya kwatsam.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan aikin shi ne lissafin da ke cikin saran. Duk wanda ya tsoma sanda a ruwa ya ga ta karye a ido, domin haske yana lanƙwasa a inda ruwa ya haɗu da iska. Ke nan kifin da zalɓe ke gani ba daidai wurin da idonsa ya nuna masa yake ba, yana ƙasa da haka. An yi gwaji a kan wannan mai farin maƙogwaron a shekarun 1980, aka ga yana gyara wannan kuskuren kafin ya saki wuya. Shi kuma wuyan, ƙashinsa na shida ya fi sauran tsawo kuma haɗinsa daban ne, shi ya sa yake iya naɗewa ya harba gaba lokaci guda. Dalilin ke nan da za ka ga zalɓe yana tashi sama da wuya a naɗe, shamuwa kuwa nata a miƙe.

Ido ba ya kama saran, yatsa ma ba ya kama shi. Wanda ya jira sai ya ga baki ya taɓa ruwa ya makara. Na sa ƙiftawar kyamara a kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 saboda rana ba ta yi ƙarfi ba, na bar ta a kan harbi a jere, kuma na fara dannawa tun daga karkatar kan nan da na gani a Oworonshoki. Alhamdu lillahi, na samu hoton kamun kifi na farko da zai shiga jerin: bakin mai farin maƙogwaro yana fitowa, ɗan kifi a gicciye, ɗigon ruwa a tsaye a iska. Na nuna wa Baban, ya faɗi sunan kifin da yarensu, ya ce irinsa suke sa wa ƙugiya.

Lahadi, 22 ga Disamba, Agege

Watan biki ne, kuma hoton biki ne ke biyan kuɗin kwale-kwale, saboda haka ban samu fita ba. Hazo ya sauko. Yana da amfaninsa, domin yana tausasa rana har wajen ƙarfe tara, farin gashi ba ya ƙonewa. Amma a kan ruwa mai faɗi yana cinye kaifin duk abin da ke nesa, dole a matso ko a haƙura. Na goge gilashin jawo nesa na mayar da shi cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin tsotse danshi irin na kwalin sabon takalmi. A Legas fumfuna ce ke kashe gilashin kyamara, tana tsirowa daga ciki in aka bar shi a jaka.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025, Lekki

Na tafi da ƙanena cibiyar kare daji ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan kadada 78. Jama'a sun fi zuwa don gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke saman bishiyoyi. Mu ƙasa muka bi, kan hanyar katako da ta ratsa fadama, muna neman ƙaramin zalɓe mai koren baya, Butorides striata.

Bai kai rabin mita ba. Yakan tsuguna a kan saiwa dab da ruwa, ya dunƙule har ka rantse ba shi da wuya, sai in ya sara ka ga tsawon da ya ɓoye. Abin da ya sa nake nemansa shi ne yana cikin tsuntsaye ƙalilan da aka tabbatar suna kamun kifi da koto. Yakan ɗauki ƙwaro ko gashi ko guntun ganye ya ajiye a kan ruwa, ya jira kifi ya taso. In ruwa ya ja koton ya yi nisa, ya ɗauko ya mayar gabansa.

Mun same shi a wani lungu mai duhu, sai da na kai ISO 3200. Ya kama ɗan kifi, ya kama wani abu mai kama da talibambam, amma koto bai sa ba. Da zaman ya yi tsawo ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, akwai sauran burodi a jakata. In na marmasa masa kaɗan, ai zai ɗauka ya yi abin da kake so."

Na ce masa a'a, kuma a hanyar gida na yi masa bayani. Mai yiwuwa ne ya ɗauka, don an sha ganin irinsa yana amfani da burodin da mutane suka jefa. Amma in na tsaya gaban yara na ce ga dabarar da Allah ya ba wannan tsuntsu, alhali ni na miƙa masa kayan aikin, na rage wani abu daga gaskiyar. Ban da haka, dabbar da ta saba karɓa daga hannun mutum halinta yana canjawa. Shi da kansa ya ga yadda birai a wurin suke bin jakar mutane da ido. Wannan hoton zai jira ranarsa.

Asabar, 25 ga Janairu, Majidun

Tun da na fara wannan aikin babu ranar da ta kai yau.

Ruwa ya janye daidai fitowar rana a bakin rafin Majidun, kafin a shiga Ikorodu. Daga nesa na hango wasu baƙaƙen abubuwa a dunƙule a kan ruwa mara zurfi, sai ɗaya ya buɗe ya zama tsuntsu. Baƙin zalɓe ne, Egretta ardesiaca, wanda na daɗe ina ganinsa a littafi kawai. Baƙi ne wuluk tun daga baki har ƙafa, yatsunsa ne kaɗai rawaya, yana da tukku a ƙeya.

Ga yadda yake yi. Zai yi taku kaɗan da sauri, sai ya wurgo fuka-fukansa biyu gaba su haɗu a saman kansa, bakin gashin yana taɓa ruwa ta kowane gefe, ya zama kamar lema da aka kifa. Kansa yana ciki. Daƙiƙa biyu ko uku, sai ya buɗe, ya ɗaga kai, wani lokaci ya girgiza, ya ƙara taku ya sake kifawa. Haka yake ta yi ba gajiya. Bayani biyu ake bayarwa, kuma ina ganin duka suna aiki tare. Ƙaramin kifin da ya tsorata inuwa yake nema ya ɓuya, ga inuwa ta zo masa har gida. Sannan inuwar tana kashe ƙyallin rana a fuskar ruwa, tsuntsun ya ga ƙasa sarai. Ta wata 'yar kafa tsakanin gashin na ga yana motsa ƙafa a ciki, wato yana tayar da kifin kuma yana ba shi wurin gudu a lokaci guda.

Ga mai hoto, matsalar a fili take: saran a ɓoye ake yin sa. Babu saurin kyamarar da zai ratsa gashi. Na yanke shawarar wannan tsuntsun hoto uku zai samu a jere, ɗaya fuka-fuki na kan hanya, ɗaya a rufe ruf, ɗaya ya ɗago da kifi. Na ukun ya fi wuya, domin yawanci a ciki yake haɗiyewa, sai in kifin ya ɗan yi girma yake fitowa da shi. Haske kuma akasin na balbela ne, sai da na ƙara kusan mataki ɗaya kafin layin gashin ya rabu da juna, ruwan bayan ya yi fari amma na yarda da hakan.

Can wani jirgin yashi ya wuce, igiyar ruwansa ta tashe su duka. Mai kwale-kwale ya ɗauki filafili zai bi su, na roƙe shi mu tsaya inda muke. Kifin yana nan, ruwan bai kawo ba, babu dalilin da zai hana su dawowa in ba mu ba. Suka yi kewaye suka sauka, ɗaya ma ya fi kusa da mu fiye da da. A wurinsa na samu na ukun, kifi mai walƙiya a bakin baƙin tsuntsu, fuka-fuki ba su gama komawa ba. Hannuna yana rawa lokacin da nake dubawa.

Da dare na shigar da ganin a shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara a 2015. Duk mai waya zai iya aika abin da ya gani da wurin da ya gan shi, kuma ina ganin masu hoto irina ya kamata mu fi kowa yi, tunda mu hujjarmu tana hannu.

Asabar, 8 ga Fabrairu, Oworonshoki

Babban mai ruwan toka ya biya ni yau. Ya saro wani kifi dangin tarwaɗa mai ƙaya a baya da gefe biyu, wanda ya fi ƙarfin haɗiya nan take. Ya fito da shi kan taɓo ya ajiye, ya caccake shi, ya ɗaga ya buga, ya sake ajiyewa, har ƙayoyin suka saki. Ya kai shi ruwa ya ɗauraye lakar. Sannan ya riƙa jujjuya shi a baki har kan kifin ya fuskanci maƙogwaro, domin ta kai ake haɗiyar kifi, ƙaya da ɓawo su kwanta. Ana ganin kumburin yana gangarawa a wuya. Ya kurɓi ruwa, ya tsaya shiru.

Abin da ya biyo baya ma na ɗauka, don mutane ba su san shi ba. Zalɓe yana da wani gashi a ƙirji da ke marmashewa ya zama gari. Yakan shafa garin a inda yauƙin kifi ya ɓata, sannan ya tsefe da farcen yatsansa na tsakiya, wanda gefensa ke da ƙananan haƙora.

A bayan tsuntsun, cikin kowane hoto, akwai ledar ruwa da robobin lemo da fararen kwanukan soso na abinci, kwanukan da gwamnatin jihar ta haramta tun Janairun 2024 amma tsofaffinsu suna nan cikin laka. Yaron shagona ya ce, "Maigida, minti biyar ya ishe ni in goge su a kwamfuta." Ya iya, don aikinsa ke nan a hoton amare. Na ce ya bar su. Yaran da za su kalli hoton su ne masu shan ruwan ledar, kuma kwatar unguwa tana da inda take zubewa. Ina so su ga tsuntsun da kyansa a ainihin wurin da yake cin abinci.

Akwai abin da ya fi ledar damuna. A wurare da yawa na bakin tafkin, daga ɓangaren Lekki har wannan gefen, ana cike ruwa da yashi don gini, kuma gefe mara zurfi ake fara cikewa saboda ya fi sauƙi. Zalɓe ba agwagwa ba ne, tsayawa yake yi da ƙafarsa. In bakin ruwa ya koma bangon siminti mai zurfi a gindinsa, ko kifi ya cika wurin ba shi da wajen tsayawa. Nan ne kuma ƙananan kifaye ke girma kafin su kai na masunci. Daga yau duk hoton da na ɗauka ina rubuta ainihin wurin da kwanan wata a bayansa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, Agege

Gishiri ya hau tafkin, kainuwa ta yi baƙi ta nutse, don haka ɗan gajeren mai ruwan ƙasa sai dai in yi amfani da hoton Nuwamba. Waɗanda suka kammala su ne balbela, da mai farin maƙogwaro, da mai rawayar yatsu, da baƙin zalɓe mai hoto uku, da babban mai ruwan toka. Na kai gwajin wanki ɗaya wa Malam na Islamiyya. Ya ce, "Ɗana, ka rubuta bayanin da boko da ajami, ƙananan ma su karanta da kansu." Ya ɗauki nauyin rubuta ajamin da hannunsa.

Saura uku. Akwai zalɓe mai baƙin kai, wanda ke farautar ɓera da ƙadangare da fara a busasshiyar ciyawa nesa da ruwa, kuma na ga ɗaya a wani fili kusa da Jami'ar Legas a Akoka. Akwai na dare mai jan ido, wanda ke fitowa bayan magariba, sai na samo hanyar ɗaukarsa ba tare da na haska masa fitila a ido ba. Sai mai koto.

Ana sa ran azumi a ƙarshen makon nan, kuma fitar asuba za ta zo da sauƙi tunda mutum yana farke tun sahur. Jadawali ya nuna ruwa zai sake janyewa da safe wajen 9 ga Maris. Na yi magana da Baban Ilaje zai jira ni, kuma ya ce akwai wani lungu mai saiwoyi ta wajen rafin Ogudu inda yake yawan ganin mai koren baya, can za mu fara.